Na zuba wa alƙalamin Orient Express tawadar allo ya daina rubutu, ko na kashe shi ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Hankalina a tashe yake. Kawuna ya ba ni alƙalamin tawada irin na ajiya, shuɗi mai ratsin zinariya, wanda aka ƙera don tunawa da jirgin ƙasan nan Orient Express. Akwai lamba a jikin murfinsa, a bakinsa kuma an rubuta 750. Da tawadar da ya zo da ita ta ƙare, sai na zuƙa masa wadda muke rubutun allo da ita. Ya yi rubutu kwana biyu, a na uku ya ƙi. Wani mai gyaran agogo ya ce in kawo ya jiƙa shi a sifirit, ya buɗa bakin da reza. Wani kuma ya ce ruwan zafi ne maganinsa. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, alƙalaminka bai mutu ba, toshewa ya yi. Amma idan ka bi ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu, to a nan ne za ka kashe shi. Kada ka bi ko ɗaya.

Abin da ke hannunka ba ƙaramin abu ba ne. Lambar 750 na nufin bakin zinariya ne karat 18, wato kashi 750 cikin 1000. Lambar da ke murfi kuwa tana iya nuna cewa adadi ƙayyadadde aka ƙera. Shuɗin nan da ratsin zinariya kwaikwayon taragun kwana ne na kamfanin Wagons-Lits, wanda ɗan Beljiyam Georges Nagelmackers ya kafa. Jirgin ya fara tashi daga Faris, babban birnin Faransa, a 1883, daga 1889 ya riƙa isa Santambul kai tsaye ta dogo, aka daina wannan doguwar tafiyar a 1977. Kamfanoni irin su Montblanc da S.T. Dupont sun ƙera alƙaluma da sunansa, kuma yawancin kuɗin irin waɗannan alƙaluman a adon jiki yake: shafen fenti mai ƙyalli da aka jera hawa-hawa, da ruwan zinariya wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba. Sifirit da ruwan zafi wannan adon suke fara ci.

Kuskuren da ya kawo ka nan shi ne maganar da ake ji kullum, wai tawada ai tawada ce. Ba haka ba ne. Juya alƙalamin ka dubi ƙarƙashin bakin, za ka ga wani baƙin harshe mai haƙora kamar mataji. A cikinsa akwai magudana siririya wadda ko allura ba ta shiga. Ta nan tawada ke silalowa zuwa tsagar baki, iska kuma ta koma ciki ta maye gurbinta. Tawadar da aka yi don wannan alƙalami yawanci rini ce da aka narkar a ruwa, ba ta da gari ba ta da danƙo. Tawadar allo kuwa gawayi ko baƙin tukunya ne da aka haɗa da ƙaro. An yi ta ne don ta kama alƙalamin kara, ta manne a allo. Ƙaron nan da ke sa ta kyau a allo shi ne ya daskare a magudanar, garin gawayin ya taru a kansa kamar yashi a kwata. Haka abin yake da tawadar zane da ake kira India ink, da ta hatimi, da ta injin buga takarda. Duk kwalbar da ba a rubuta cewa ta alƙalamin tawada ce ba, wato fountain pen, kada ta kusanci alƙalaminka, komai baƙinta, komai arharta. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne, domin shi sayarwa ce a gabansa, ba shi zai biya kuɗin sabon baki ba.

Ka yi sa'a ɗaya: ƙaro yana narkewa a ruwa. Da tawadar zane ce mai danƙon da ake kira shalak ka zuba, ruwa ba ya narkar da ita idan ta bushe, sai dai a mayar wa kamfani.

Yanzu ga aikin. Tunda zuƙar tawada ka yi, akwai mazuƙi a ciki, wato ƙaramin bututun nan mai murɗawa. Kwance gangar jikin ka ajiye ta gefe tare da murfi, kada ruwa ya taɓa su. Zare mazuƙin a hankali ka wanke shi daban. Sami kofin gilashi ka zuba ruwan gora, ba mai sanyin firij ba, ba mai ɗumi ba, daidai yadda zai rufe bakin da harshen kawai. Ka guji ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri, yana barin farin ɓurɓushi a magudana. Tsayar da bakin a ciki, ka shimfiɗa ɗan tsumma a gindin kofin don kada tsinin ya daki gilashi. Bar shi ya kwana. Da safe za ka ga baƙi ya kwanta a ƙasa kamar hayaƙi. Canja ruwa, mayar da mazuƙin, ka zuƙa ka fitar, ka zuƙa ka fitar, sau ashirin ko fiye, har ruwan ya fito garau. Idan ya ƙi, ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka a kofi guda, ka sake jiƙawa, sannan ka ɗauraye sosai. Wani lokaci sai an yi kwana uku ko huɗu ana haka, kada ka gaji. Idan alƙalamin irin wanda ake murɗa gindinsa ne ya zuƙi tawada a cikinsa, ba ya rabuwa, to bakin kaɗai za ka tsoma, kuma kada ka tilasta murɗawa idan ta cije. Bayan ka gama, naɗe bakin da takardar goge hannu, ka tsayar da shi yana kallon ƙasa ya kwana ya tsane, sannan ka zuba tawadar kirki.

Mu dawo kan mai reza. Tsinin bakin nan ba zinariya ba ne, ɗan ɗigon ƙarfe ne mai tauri da aka liƙa aka tsaga biyu, aka goge shi har ya yi santsi. Ɓangarorin biyu dole su zauna daidai wa daida. Reza tana shiga ta buɗa tsagar fiye da kima, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, sai alƙalami ya koma karce takarda ko ya riƙa tsiyaya. Wani lokaci ɗigon ya ɓalle gaba ɗaya. Kuma toshewar ma ba a tsagar take ba, tana can cikin harshe inda rezar ba ta kaiwa. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Sifirit, fetur, kananzir da tina suna dusashe ƙyalli, suna sa robar jiki ta yi tsattsage. Ruwan zafi yana lanƙwasa harshe ya sassauta manne. Man goge tagulla kuwa yana kwashe ruwan zinariya, kuma ba ya dawowa. Iya gyaran agogo daban, iya gyaran alƙalami daban, wanda ya san aikin ba zai fara ambaton reza ba.

Idan bayan kwana huɗu ruwa bai ratsa ba, tsaya haka nan. Kada ka fizgi bakin da filaya. Nemi wakilin kamfanin da ya ƙera shi, ka aika tare da katin garanti, ka faɗa musu gaskiyar irin tawadar da ka zuba, domin ita za ta nuna musu abin da za su yi amfani da shi.

Idan ya warke, ka riƙa wanke shi duk bayan wata ɗaya ko makonni shida, musamman da hunturu, lokacin da tawada ke saurin bushewa. Rufe murfin da zarar ka ajiye rubutu. Kada ka bar shi a mota cikin rana. Idan za ka yi wata ba ka taɓa shi ba, juye tawadar ka wanke ka ajiye shi fanko. Mazuƙi idan ya yi tauri man silikon ake shafa masa kaɗan, ba basilin ba, shi yana cin roba. Ka adana akwatinsa da takardunsa wuri guda, domin masu sayen irin wannan alƙalami sukan fara da duba ko lambar da ke murfi ta yi daidai da ta takarda.