Auwalu, kan batun wai za a maka ka a kotu saboda injin shinkafa

Auwalu na ga saƙonka tun daren jiya, caji ne ya ƙare min ga babu wuta, sai yanzu bayan azahar na karɓo wayar daga wajen mai caji na ce bari in zauna in ba ka amsa a tsanake. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi, ka gaishe min da shi, kuma kar ka yi gaggawar dawowa, ƙofofin nan su Isiya na kai.

In na fahimce ka, ɗan kawunka mai karatu a jami'a ne ya ga injin bugun shinkafar da ka fara haɗawa, wanda ka ɗauki awonsa a jikin na ƙungiyar manoman Kadawa da aka kawo daga waje, ya ce maka wannan satar fasaha ce, masu shi za su iya maka ka a kotu, kai kuma cikinka ya ɗuri ruwa har kana cewa za ka yanka shi ka yi ƙyaure da ƙarfen. Sannan ka ce, Oga in haka ne ashe wannan barazanar ba ita ke hana mutane ƙirƙirar sabon abu ba?

To da farko kar ka yanka komai. Ƙarfen nan da kuɗina na saye shi a Ƙofar Ruwa.

Ɗan kawun naka ya haɗa abu biyu ne ya dama. Haƙƙin mallakar da ake ta faɗa a rediyo na masu littafi ne da waƙa da fim da zane da manhajar kwamfuta, shi ne wanda Buhari ya sa wa sabuwar dokarsa hannu a 2023, kuma a kan littafi yana bin mutum har shekara 70 bayan ya mutu. Inji kuwa tasa dokar daban ce, tun ta 1970, sai wanda ya ƙirƙira ya je ya yi rajista an ba shi takarda, Turawa na ce mata fatent, shekara 20 take yi ta mutu, kuma takardar da aka yanka a wata ƙasa ba ta aiki a nan sai in an zo an yanki ta nan. To ganga mai haƙora tana juyawa tana bugun zangarniya fanka na hure ƙaiƙayi, wannan dabarar ta girmi kakanka, babu mai ita. Inda za ka jawo wa kanka shi ne ka gama injin ka fesa masa irin fentinsu ka manna tambarinsu ka ce wa manomi ɗan waje ne. Wannan kam ko babu kotu ha'inci ne, kuma ni ba a garejina ba.

Ka dubi injin niƙan da ke bayan masallacinmu, wanda kowa ke ce wa Lista. Asalin Lister a Ingila ake yin sa tun wajen 1930, su da kansu sun daina yin wannan samfurin a 1987, amma mutanen Indiya a wani gari Rajkot suka ci gaba da zuba irinsa, kusan duk wanda ka taɓa kwancewa na can ne. Da an hana su, da yanzu matan ƙauyen nan suna kan dutsen niƙa. Haka injin ban ruwan da ke cike da fadamar Kura da Bunkure, ka kwance ɗan Chana ka ajiye kusa da Honda ka ga ko fistin ɗin wannan bai shiga wancan ba. Sana'ar ƙarfe duk haka ta taso, wani ya gani wajen wani ya ƙara nasa.

Amma tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, ita ta hana ni barci da wuri jiya. Ni dai abin da na gani, ƙara ba ta kashe fasaha, sai dai tana tace waɗanda za su yi ta, mai kuɗi ya wuce talaka ya maƙale a rariya.

Bari in ba ka labarin bidiyo tunda kai ba ka tashi ka tarar da kaset ba. Da kamfanin Sony na Japan ya fito da akwatin da mutum zai naɗi shirin talabijin a gidansa, Betamax sunansa, sai manyan kamfanonin fim na Amurka, Universal da Disney, suka kai shi ƙara a 1976, wai na'urar ɓarayi ce za ta kashe musu kasuwa. Aka yi ta bugawa, wannan kotu ta ba wannan gaskiya waccan ta ƙwace, sai a 1984 kotun ƙolinsu ta ce na'urar ba ta da laifi tunda tana da amfani na halal, kuma alƙalai tara ne, biyar suka ce e huɗu suka ce a'a. Mutum ɗaya fa Auwalu. Da ɗaya daga cikin biyar ɗin ya tashi da ɓacin rai ranar, da labarin ya sha bamban. Abin dariyar kuma su masu ƙarar su suka fi kowa cin kuɗin kaset daga baya, sai da ta kai abin da suke samu a kaset ya fi na silima. Mu ma nan ai a kan kaset ɗin bidiyon 'yan fim ɗin Hausa suka tashi wajen 1990, na tuna lokacin da ake haɗa bidiyo da batirin mota a ƙofar gidan mai unguwa, yara a ƙasa manya a kan benci, duk wanda ya je Kano a ba shi sautun kaset daga Ƙofar Wambai. To amma ka lura, Sony ya yi shekara takwas yana biyan lauyoyi bai girgiza ba. Kai ko ni aka aiko wa wannan takardar, ko zaman farko ba ma kaiwa.

Shi ya sa nake cewa tsoron ya fi hukuncin ɓarna. Wani ɗalibi ɗan shekara goma sha takwas ko sha tara ya haɗa manhajar Napster a 1999, mutane na musayar waƙoƙi ta intanet kyauta, masu faifai suka kai ƙara, 2001 aka rufe shi. Wannan ban ga laifinsu sosai ba, waƙar mutane ce ake rabawa babu ko sisi. Amma ba su tsaya nan ba, har waɗanda suka zuba kuɗi a kamfanin sai da aka bi su da ƙara, ka ga kuwa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, duk mai kuɗin da yaro zai zo masa da wata dabara da ta shafi waƙa sai ya tuna ya mai da hannunsa aljihu. Su wa suka shigo daga baya suka cinye kasuwar? Kamfanin Apple da shagonsa na sayar da waƙoƙi ta intanet a 2003, mai kuɗin zama tebur ɗaya da masu faifai, sai Spotify mai manhajar sauraren waƙoƙi a 2008 bayan ya daɗe yana bin su yana neman izini. Fasahar ba ta mutu ba, hannu ta sauya. Abin da ba wanda zai iya ƙirga maka shi ne yara nawa ne suka yi niyyar abu suka fasa, irin yadda kai ma jiya ka so ka sa giranda a jikin injinka alhali ko takarda ba a aiko maka ba, magana ce kawai ta ɗan kawu. Ko shari'ar kamfanonin Google da Oracle, a kan wasu layukan rubutun kwamfuta da ke cikin irin wayar da ke hannunka, daga 2010 suka fara sai 2021 aka gama, shekara 11, giwaye ne shi ya sa suka iya.

Wanda ya fi ba ni haushi a matsayina na mai gyara shi ne na tarakta. Sababbin taraktocin John Deere a Amurka kwamfuta ce ke tafiyar da su, wani abu ya lalace ko ka sa sabo da hannunka wani lokaci ba za ta yarda ba sai ma'aikacin dilansu ya zo ya jona tasa kwamfutar, kuma akwai wata dokarsu ta 1998 da ta ce fasa makullin manhaja laifi ne saboda haƙƙin mallaka. Ka ji fa, dokar da aka yi don masu waƙa da fim ta zo ta tsaya tsakanin manomi da sifanarsa. Ka ɗauka kai ne, shinkafa ta nuna hadari ya haɗo, inji na tsaye a gona, ka san abin da ke damunsa, kayan na hannunka, amma sai ka jira wani ya zo daga birni. Har sai da wasu manoman suka koma sayen fasasshiyar manhaja daga irin su Yukren a ɓoye kamar masu sayen kayan sata, don su gyara abin da suka saya da kuɗinsu. A 2015 aka sassauta musu, a farkon 2023 kamfanin ya sa hannu da ƙungiyar manoma cewa zai buɗe, a farkon 2025 kuma hukumar gwamnatinsu ta kai shi ƙara a kan dai wannan maganar. Wannan shi nake ji mana tsoro, don sababbin motocin da ke shigowa yanzu ma ka ga bakanike na cewa sai an sa mata kwamfuta, ranar da aka ce kwamfutar ma sai da izini to mu da muka koyi aiki ta kwancewa da ɗaurawa ina za mu sa kanmu.

To amma kar ka ce Oga ya ce a bar kowa ya kwashi na kowa. Mu nan ciwonmu kishiyar nasu ne, kuma ni ya taɓa ni a jikina. Shekarun baya, kafin ka zo, injinan bugun da muke yi duk suna zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi, mata su bi baya da faifai suna sake shiƙa. Na yi kaka biyu ina fama, na ɓata falankin ƙarfe ya fi goma, na canza fuli sau ba adadi, har na gane ashe ba ƙarfin fanka ba ne, bakin da iska ke fita ne ya yi faɗi kuma ya miƙe da yawa, na matse shi na karkatar na sa masa ɗan murfi mai noti da za ka ɗaga ko ka sauke gwargwadon danshin shinkafar. Ranar da muka gwada a gona mai gonar ya duƙa ya damƙi ƙaiƙayin ya murza a tafinsa ya hure, bai ga ƙwaya ko ɗaya ba, ya ɗago ya dube ni ya ce Malam nawa. Wallahi ban taɓa jin daɗin sana'a irin na ranar ba. Kafin kaka ta zagayo na ga irinsa sak a bakin titi a gareji huɗu, wani ma da tef ɗinsa ya zo ya auna nawa ina masallaci, suka yi da ƙarfe mara kauri suka karya kuɗin, manomi kuwa araha yake bi. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ko kuɗin falankin da na ɓata ban mayar ba. Wa zan kai ƙara, da wace takarda, in bar gareji in tafi Abuja yin rajista? Kuma mutumin da za ka kai ɗin gobe tare za ku tsaya a jana'iza.

Ka san abin da hakan ya sa ni? Na yi shekara kusan uku ban sake gwada wani sabon abu ba, ƙofa da taga kawai, na ce wa zan yi wa wahala. Ka ga nan babu lauya babu kotu amma aikin ya tsaya. 'Yan fim ma abin da ya same su ke nan, da masu tura finafinai a waya suka cika kowace kasuwa ana zuba maka fim goma a mimori da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, da yawa suka bar sana'ar, waɗanda suka rage suka koma YouTube. Kuma akwai wani tsohon maƙeri a garinmu, Allah ya jiƙansa, in ya ƙera maka garma sai ka yi damina uku bakinta bai lanƙwashe ba, amma in zai yi mata wanka bayan ta fito daga wuta sai ya kori kowa ya ja asabari, har 'ya'yansa, don kar a ɗauka. Ya rasu da abinsa. Yanzu jikokinsa acaɓa suke yi, mu kuma muna ta cankar ko man me yake tsomawa. Da yana da tabbacin in ya faɗa za a san nasa ne a ba shi wani abu, da ya faɗa. Asalin hikimar takardar nan ke nan ai, ka bayyana sirrin a rubuce kowa ya karanta, a bar maka cin moriyarsa shekara 20, daga nan ya zama na kowa. Lauyoyi ne da manyan kamfanoni suka mai da ita kulki.

Ni abin da ya dawo da ni kan gwaji ba doka ba ce, manoman ne, don masu arahar nan kaka ɗaya boris ya watse walda ta ɓalle, suka dawo suna neman wanda ya san dalilin da ya sa murfin yake a inda yake. Wanda ya auna da tef tsawo da faɗi ya ɗauka, bai san me ya sa ba.

Saboda haka in Baba ya ji sauƙi ka dawo ka ƙarasa injinka. Ka je wajen shugaban ƙungiyar da kanka ka gaya masa kana duba nasu, kar ka riƙa laɓaɓawa in ba kowa, ka tambayi direban me ke ba shi wahala a jikinsa, na ji an ce in shinkafa na da ɗanyen kara yana shaƙewa, to nan ne wajen aikinka. Ka yi masa fentin da ka ga dama ban da nasu, ka samu ɗan farantin ƙarfe ka buga sunanka da lambar wayarka da shekara ka like a jikin firam. In kuma wata rana wani ya aiko maka da takardar lauya da gaske, kar ka yaga kar kuma ka sa hannu a komai, ka kawo min mu nemi wanda ya san doka ya karanta mana. In za ka biyo ta Kano ka tsaya Ƙofar Ruwa ka sayo boris biyu na shaf ɗin ganga, ka jijjiga su a kunne kafin ka biya, na wancan karon da ka kawo ɗaya yana da wasa.