Kafin ka ƙara wa motar nan gas, duba gabanta tukuna

Ka ce motar tana sanyi da safe da dare, in tana gudu ma ba laifi, amma da rana ta take aka tsaya a cunkoso sai iska mai ɗumi ta riƙa fitowa, kana tambaya ko ka ƙara wa AC ɗinta gas. Kada ka ƙara. Ajiye gwangwanin nan, yaro, ka buɗe kunnenka. Irin wannan ƙarin gas ɗin ne ya taɓa sa na biya kuɗin sabon kwamfureso, wato famfon da ke matsa gas ɗin AC, daga aljihuna, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ku yaran yanzu, da an ce AC ba ya sanyi sai ku ce gas, don abin da kuke gani ke nan a waya. AC zafin cikin mota yake kwasowa ya kai waje ya zubar, kuma wurin zubarwar shi ne kwandensa, wadda ke gaban lagireto. Zafi ba ya barin kwandensa sai in gas ɗin da ke cikinta ya fi iskar waje zafi. Ranar da waje yake digiri 30, gas ɗin AC na mota da ake kira R134a zai koma ruwa a wajen digiri 45 zuwa 50, geji, wato ma'aunin matsin gas, na ɓangaren sama mai babban matsi ya nuna maka kamar psi 150 zuwa 175. Ranar da waje ya kai digiri 45, dole gas ɗin ya hau digiri 60 zuwa 65 kafin ya iya sakin zafinsa, geji ya kai 230 zuwa 260. Wannan a lafiyayyar mota ke nan. To in iska ba ta ratsa kwandensar yadda ya kamata, sai ya wuce 300, ya doshi 400, har suwicin kariya ya yanke kwamfureso. Ya huce ya kama, ya sake hawa ya yanke. Mai mota abin da yake ji a fuskarsa kawai shi ne sanyi ya zo ya tafi. In mota tana gudu iskar hanya tana taimaka wa kwandensa, in ta tsaya sai abin da fanka ta ba ta. Ka ga alamar da ka faɗa min da bakinka gaban mota take nunawa.

Fiyus da rile da bel ba zan tsaya a kansu ba. Wanda sai an ce masa ya duba waɗannan, ya koma wankin sifana.

Ɗaura geji ɓangare biyu, na ƙasa da na sama. Wanda yake aiki da geji na ƙasa kaɗai, rabin labari yake ji. Tun injin yana kashe, motar ta huce a inuwa, karanta abin da allurai suka tsaya a kai. R134a na gaskiya a digiri 35 yana tsayawa wajen psi 114, a digiri 40 wajen 133. Wannan lambar ba ta gaya maka yawan gas ɗin ba, domin cikakke da rabi duk kusan abu ɗaya za su nuna muddin akwai sauran ruwan gas a ciki. Amma in ka ga ta haura 160 ko 180 a motar da ta huce, to akwai iska a ciki ko an zuba wani gas daban. R22 na AC ɗin gida wajen 180 yake tsayawa a digiri 35.

Sai ka tayar da injin, ka riƙe shi wajen juyi 1500 a minti, fankar ciki a ƙarshenta, iska tana zagayawa a ciki. A tsananin zafi ina sa ran ganin ƙasa tsakanin 35 da 50, sama tsakanin 230 da 280. In duka biyun sun hau, ɗauko tiyon ruwa ka yayyafa wa kwandensa. In allurar sama ta faɗo nan take, sanyi kuma ya dawo a ciki, ka gama gano ciwon: iska ce ba ta isa, ko kuma wani ya riga ka cusa mata gas fiye da ƙima.

Fanka tana juyawa ba yana nufin tana aiki ba. Moto in ya tsufa yana juyawa a kasale. Motoci da yawa fankarsu gudu biyu gare ta, ƙarami da babba, sai babban ya mutu ƙaramin ya yi ta ruɗin mutane. Na sha ganin motar da aka yi wa gyaran gaba bayan haɗari aka juya wayoyin, fanka tana tura iska gaba maimakon ta jawo ta baya. Manyan motoci masu fanka a jikin injin, kulocin fankar in ya saki sai ka ga tana wulwulawa ba ƙarfi. Sannan ka kwance saman lagireto ka leƙa tsakaninsa da kwandensa da tocila. Nan ƙura da ganye da gashin tsuntsu da leda suke taruwa su zama kamar bargo, daga gaba kuma ka ga wuri fes. Wanke daga baya zuwa gaba da ruwa mai sauƙin ƙarfi. Injin wankin mota mai tsananin feshi kwantar da siraran fikafikan kwandensa yake yi, ka gyara ɗaya ka ɓata goma. Robobi da soso da ke gefen kwandensa, waɗanda masu gyaran jiki suke jefarwa, su ne ke hana iskar injin mai zafi zagayowa gaba. In babu su, nemo ka mayar.

Wani mutum ya taɓa kawo min babbar mota da wannan ciwon naka sak. Na auna, na nuna masa da idonsa: fankar babban gudunta ya mutu, bayan kwandensa a toshe, gas kuwa lafiya lau. Na ce a canza moton fanka a yi wanki, shi ke nan. Ya ce shi ya san motarsa, gas take so. Na ce ba zan zuba ba. Ya ja motarsa ya tafi wurin masu gwangwani a bakin titi, suka ɗura masa har sai da hankalinsa ya kwanta. Gas in ya yi yawa, cika kwandensa yake yi da ruwa, wurin sakin zafi ya ragu, matsi ya ƙara hawa, wani ruwan gas ɗin ma ya koma wa kwamfureso, shi kuwa ba a yi shi don danna ruwa ba. Ba a jima ba ya dawo, kwamfureso ya cije, man da ya fito baƙi wuluk da garin ƙarfe a ciki.

Na faɗa masa gaskiya. Kwamfureso in ya mutu irin wannan mutuwar, garinsa yana bazuwa ko'ina. Tiyo da ibaporeta, wato wurin da ke sanyaya iska a cikin mota, ana iya wanke su da ruwan wanki na musamman a busar. Amma kwandensar motocin yanzu hanyoyinta ƙanana ne ƙwarai, a jere suke gefe da gefe, ruwan wanki zai bi waɗanda suke buɗe ya fita ya bar garin a sauran. Ba ta wankuwa. Dole a canza ta, a canza draya mai tace gas da tsotse danshi, a canza bawul ɗin da ke fesa gas cikin ibaporeta. Ya amince, ya ce kwamfureso ni in sayo, kwandensa kuma akwai ɗan'uwansa mai sayarwa, zai kawo sabuwa. Ya kawo ta a kwali, a naɗe, an fesa mata fenti tana ƙyalli, bakunanta a toshe da roba. Ashe tsohuwa ce da aka ciro daga motar da ita ma kwamfuresonta ya ƙone. Na haɗa aiki, sanyi ya zo har yana rage fanka. Ya biya rabi, ya rantse zai kawo ciko.

Da ya sake dawowa, da mutane ya zo da hayaniya, wai na sa masa jabun kwamfureso. Na kwance a gabansu, garin ƙarfe ya cika matatar draya. Na yanka kwandensar gida biyu, ga tsohon baƙin mai nan daskare a ciki wanda ba na motarsa ba ne. Na kuma tarar gas ya fi abin da na auna na zuba, wato ya sake komawa wurin masu gwangwani a bayan idona. Duk da haka ya kafe. Mai sayar da kaya da ya ga man ya ce ba zai karɓi kwamfureson ba, kuma da gaskiyarsa. Don a kashe magana, kuma sunana ya fi min kuɗin, na sayi wani na ɗaura. Cikon kuɗin aikina har yau yana wuyansa. Abin da ya fi ci min rai, moton fanka kawai motar nan take nema tun ranar farko.

Shi ya sa nake hana ku karɓar kayan da mai mota ya kawo ba tare da kun busa shi a kan farin ƙyalle kun ga abin da zai fito ba.

Koma kan gejinka. In duka biyun suna ƙasa, nan ne za a yi maganar gas, amma gas ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, yoyo yake yi. Nemo wurin: duk inda ka ga mai ya kama ƙura a mahaɗin tiyo, a gefen kwandensa ko bayan kulocin kwamfureso, wato farantin da ke kamawa ya juya shi. Cika da naitirojin wajen psi 150 zuwa 200 ka bi da ruwan sabulu. Iskar oksijin ta walda kada ta kusanci wurin, domin in ta haɗu da mai, fashewa take yi. In ƙasa ya hau sama ya faɗo, alluran suna neman haɗuwa, kwamfureso ya gaji, sai dai a irin kwamfureson da ke daidaita ƙarfinsa da kansa ka fara zargin ƙaramin bawul ɗin da ke bayansa kafin ka yanke wa kwamfureso hukunci. In ƙasa ya faɗi har yana neman sifili, bawul ɗin fesawa ya toshe, ko danshi ya daskare a bakinsa. Na danshi alamarsa ita ce a kashe na ɗan lokaci a kunna ya dawo.

Akwai wani ciwon da yake ɓoye wa yara, kuma a zafi kaɗai yake fitowa. Tazarar da ke tsakanin farantin kuloci da fulin kwamfureso, wato abin da bel ke juyawa, yawanci milimita 0.4 zuwa 0.6 ce. In ta ci ta faɗaɗa, da safe maganaɗisun zai jawo ta, amma in wayarsa ta yi zafi ƙarfinsa yana raguwa, sai ya kasa. Ka ga wuta ta iso kuloci amma bai kama ba, ɗan taɓa farantin da ƙotar katako cikin hattara. In ya kama, cire wasa ɗaya, wato siririn zoben ƙarfe, daga bayan farantin ka sake aunawa. An canza kwamfureso masu lafiya da yawa saboda wannan 'yar wasar. Haka kuma ka kalli allurar zafin injin, domin kwamfutar mota tana yanke AC da kanta in injin ya fara zafi.

In geji ya yi daidai, babban bututun da ke komawa kwamfureso yana sanyi yana gumi, amma ciki babu sanyi, to ka bar gaban mota ka shiga ciki. Filtar iska ta bayan akwatin dashbod, ƙofar da ke haɗa iskar hita da ta sanyi, da ƙofar da ke rufe iskar waje. Ta ƙarshen nan in ta maƙale a buɗe, AC yana ta fama da sabuwar iska mai digiri 45 maimakon wadda ya riga ya sanyaya.

Ranar da za ka zuba gas, da sikeli za ka zuba. Akwai takarda a ƙarƙashin bonet da ta faɗi irin gas da nauyinsa, ƙananan motoci galibi giram 450 zuwa 650. Giram 50 sama ko ƙasa yana canza aiki a motocin yanzu. Kafin nan ka ja bakyum, wato ka zuƙe iska da danshin da ke ciki, na minti 30 zuwa 45, ka rufe ka jira minti 10 ka ga ko allura za ta motsa. Masu sakin ɗan gas su ce sun kori iska, kansu suke yaudara, danshin yana nan, kuma man kwamfureso da ake kira PAG shan danshi yake yi. Kada ka haɗa R134a da R1234yf na sababbin motoci. Silindar da ba ka yarda da asalinta ba kada ka taɓa, domin an sha kama jabun R134a da aka gauraya da R40, wanda yake cin alminiyum har ya jawo fashewa. Mota mai haɗin lantarki da fetur kuwa, wadda kwamfuresonta na lantarki ne, man da kamfanin ya rubuta kaɗai za ka sa, PAG na gama-gari yana lalata kariyar wayoyin motonsa.

Ka kuma faɗa wa mai mota abin da ƙarfe zai iya. Motar da ta yini a rana cikinta yana haura digiri 60, kujeru da dashbod sun sha zafi sun ƙoshi. Ya sauke gilasai ya yi tafiyar minti biyu ko uku zafin ya fita, sannan ya rufe ya sa iska ta zagaya a ciki. Sa ma'aunin zafi a bakin iska na tsakiya ka nuna masa lambar. A irin wannan rana, digiri 8 zuwa 12 a guje aiki ne mai kyau, a tsaye zai ɗan hau.

In ka gama, rubuta nauyin gas da ka zuba da abin da geji ya nuna da zafin ranar a takardar aiki, ya sa hannu. Sannan ka ɗiga fenti a kan murfin bawul biyun da ake ɗaura geji, yadda in wani ya buɗe a bayanka za ka gani.