Amsa ga 'yar'uwarmu ta Jidda kan ɗanta

Hajiya, kin ce ɗanki na son mutane, to ta yaya likita zai ce otizim ne, wato lalurar da ke shafar yadda yaro ke mu'amala da mutane? Ai yana yiwuwa. Da yawa daga yara masu otizim suna son abokai, hanyar shiga wasan ce ke ba su wuya. Nawa haka yake: ya ruga cikin yaran unguwa, ya yi ta zancen jirgin ƙasan Haramaini har su watse, bai lura sun gaji ba.

Rashin zaman da kika ambata kuwa, yana iya zama ADHD, matsalar ƙiriniya da rashin tattara hankali. Sau da yawa otizim da ADHD suna haɗuwa, kuma tun 2013 littafin likitocin Amurka ya amince a gano su tare a yaro ɗaya. Ki nemi a duba duka biyun, ki tafi da bayanin malamarsa.