Amon Ƙarfe a Tsohon Kaset

Tambaya: Malam, na tsinci kaset ɗin ƙungiyar mawaƙa ta Ingila mai suna Yes a akwatin kawuna a ƙauyenmu kusa da Ringim. Me ya sa jitar bes ɗinsu, wato jita mai kaurin sauti, take amo kamar ƙarfe?

Amsa: Ɗan'uwa, hannun mai kaɗa musu bes, Chris Squire, ka ji. Jitar bes ƙirar Rickenbacker yake kaɗawa da tsirkiyar kamfanin Rotosound, kuma da ɗan falle na roba yake bugunta maimakon yatsa. Yakan raba sautin gida biyu, mai kauri ya bi amfilifaya ta bes, siririn kuma ya bi ta jita, wanda a ganina shi ne asirin. Ƙaramar rediyo tana cinye kaurin, saboda haka ka saurara da babbar lasifika.