Yadda ake tunkarar wasan cike gurbi mai ɗauke da ƙarin sharaɗi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka saba da wasan cike gurbin kalmomi na yau da kullum irin na jaridun Birtaniya, amma da ka gwada wanda ake kafa wa sharaɗi na musamman a samansa, sai ka tarar amsoshinka ba sa shiga gurabensu, shi ne kake tambaya ko akwai hanyar da ake bi. Hanya tana nan, kuma na daɗe ina fama da irin wannan wasa, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Abin da ya fi kayar da sabon shiga shi ne gaggawar tsallake bayanin da ke saman allo. A wasan yau da kullum, manuniya (gajeriyar jimlar da ke nuni ga amsa) yawanci tana da ɓangare biyu, wato ma'anar kalma da kuma sarrafa haruffan da zai kai ka gare ta, kuma da zarar ka samo amsa sai ka rubuta. A wasanni irin su Listener, wanda aka fara a 1930 kuma jaridar Times take bugawa ranar Asabar tun bayan rufe mujallar da ta haife shi a 1991, wannan bayani shi ne rabin aikin. Ni dai nakan karanta shi a tsanake kafin in taɓa fensir, sannan in sake komawa kansa duk lokacin da na warware wasu amsoshi, domin jimlar da ba ta ba ka ma'ana da farko ba takan fito fili bayan haruffa sun fara taruwa. Mai tsara wasan ba ya saka kalma a banza a wurin. Idan ya ce "wasu" manuniyoyi ne abin ya shafa, to ba duka ba ne.

Ga misali na kusa. A ce manuniya ta zo haka: "Quiet tinsel, tangled (6)". Kalmar farko ita ce ma'ana, ta ƙarshe tana nuna a yamutsa haruffan ta tsakiya, sai a sami SILENT. To, idan sharaɗin wasan ya ce an sauya harafi ɗaya da gangan a cikin ma'ana, kana iya ganin "Quilt tinsel, tangled". Wanda bai kula da sharaɗi ba zai ɓata dare yana neman sunan bargo mai haruffa shida, alhali sarrafa haruffan yana nan lafiya lau, yana ba da amsa iri ɗaya. Aikinka shi ne ka gane cewa L ta zauna a mazaunin E, ka rubuta wannan E a gefen takarda. Idan kuma sharaɗin na ƙarin harafi ne, za ka ga "tinsels" mai haruffa bakwai a inda ake buƙatar shida, sai ka ajiye S ɗin da ta yi saura. Abin ya yi kama da sauraron zaurance: da farko ƙarin gaɓoɓin ne suke cika maka kunne, amma a hankali kunnen yakan koyi zubar da su ya riƙe asalin magana.

Waɗannan haruffa da kake ajiyewa, idan aka jera su bisa tsarin manuniyoyi, sukan fitar da umarni ko sunan wani marubuci ko wani zance da shi ne jigon wasan. Saboda haka ka ja layi a gefe, ka ba kowace manuniya gurbinta ko da ba ka warware ta ba tukuna. Sau da yawa rabin haruffan ya isa ka hango saƙon, daga nan kuma saƙon ne zai dawo ya taimake ka a kan manuniyoyin da suka gagara, tunda ka riga ka san harafin da kake nema. A ganina nan ne daɗin wasan yake, kuma shi ya sa nake jin takaici idan na ga mutum ya garzaya intanet neman jigo tun bai tara komai ba.

Kada kalmomin da ba ka taɓa ji ba su karya maka gwiwa. Allon irin wannan wasa yawanci ba shi da baƙaƙen gurabe, layuka masu kauri ne suke raba kalmomi, don haka mafi yawan haruffa suna haɗuwa da wata amsa. Ƙamus ɗin Chambers shi ne madogarar masu tsarawa, kuma duba shi ba maguɗi ba ne, su da kansu suke ba da shawarar a yi hakan. Fensir da magogi kuwa wajibi ne.

Game da inda za ka fara, ban ba ka shawarar ka faɗa wa Listener kai tsaye ba. Ka nemi tsofaffin wasannin Azed, wato Jonathan Crowther, wanda ya gaji mai tsara wasa da ake kira Ximenes a jaridar Observer a 1972. Yawancinsu ba su da ƙarin sharaɗi, za su saba maka da allo mai layuka da baƙin kalmomi. Haka kuma akwai salon da aka san marigayi Araucaria na jaridar Guardian da shi, inda ake jera manuniyoyi bisa tsarin abacada na harafin farko na amsoshinsu ba tare da lambobi ba, kai ne za ka nemo wa kowace amsa mazauninta. A irin wannan, ka warware gwargwadon iko kafin ka rubuta komai a allo, sannan ka fara da kalmomi mafi tsawo, domin guraben da za su iya ɗaukarsu kaɗan ne. Idan ka iya kammala waɗannan ba tare da wahala mai yawa ba, sai ka matsa zuwa wasan Inquisitor na jaridar da ake kira "i", daga nan ka gwada Listener.