Amsa ga jikana kan gashin tsuntsun da Turawa suka yi rubutu da shi

Jikana, na ga tambayarka game da tsofaffin hotunan Ingila, waɗanda kowane marubuci a cikinsu yake riƙe da gashin tsuntsu, kana son sanin ko ado ne kawai ko kuwa al'adarsu ce. Al'adarsu ce, kuma har gobe tana nan a bakinsu.

Kalmar pen da suke kiran alƙalami da ita ta samo asali ne daga penna ta Latin, wato gashin fiffike. Sun shafe ɗaruruwan shekaru suna cirar dogon gashi daga fiffiken dinya, su busar da shi, su fiƙe bakinsa da 'yar wuƙa, sannan su tsaga shi kaɗan domin ya riƙe tawada, kamar yadda ka sha ganina ina yi wa karan gamba a zaure. Ita 'yar wuƙar har yanzu penknife suke ce mata, alhali an daɗe da daina wannan aiki da ita, domin tun wajajen 1830 maƙeran Birmingham suka cika kasuwa da bakin alƙalami na ƙarfe.

Kalmar write, wato rubutawa, ta fi wannan tsufa, kuma a wurina ta fi ban sha'awa, domin a tsohon Ingilishi ma'anarta kartawa, tun zamanin da kakanninsu ke sa tsini suna karta haruffa a jikin itace da dutse.

Kada kamannin suna ya ruɗe ka game da fensir. Pencil ba ɗan'uwan pen ba ne, asalinsa penicillus, wato 'yar wutsiya, sunan ɗan burushin masu zane. Sai bayan an gano baƙin ma'adinin nan da ake sawa a cikin fensir a Borrowdale da ke arewacin Ingila a ƙarni na 16, wanda aka ce makiyaya ne suka fara yi wa tumakinsu alama da shi, sunan ya koma kan sandar da muka sani.

Mu ma sunayen abin rubutun da muke riƙewa a hannu na aro ne. Alƙalami daga Larabci ya zo mana, Larabci kuma ya aro shi daga kalamos ta Girkanci, wato kara. Biron da ke aljihunka kuwa sunan mutum ne, László Bíró, wani ɗan jarida mutumin Hungari da ya yi rajistar ƙirarsa a 1938.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.