Ɗana, Ga Amsar Tambayar da Ka Yi Mini a Kan Gada

Ɗana,

Daren Asabar muna dawowa daga wasa, mota na bisa gadar Kennedy a nan Yamai, ka yi mini tambaya na yi shiru. Ba ƙyale ka na yi ba. Maƙogwarona ne ya riga ya rufe bayan awa huɗu a gaban mikro, kuma tambayar ta fi ƙarfin amsar cikin mota. Cewa ka yi: "Baba, in zan rera waƙar wani, muryarsa zan kwaikwaya sak ko da tawa zan yi? Kuma abokaina suna ce mini aku, wai mawaƙin otel ba shi da nasa. Gaskiya ne?" Tunda mako mai zuwa za ka tafi wasan biki Tahoua ba tare da ni ba, gara in rubuta maka, ka riƙe a aljihu.

Maganar murya ita ce mai sauƙi. Kada ka ari maƙogwaron kowa. Na ga samari da idona suna shaƙe wuya don su fito da kaushin muryar Mamman Shata, kafin shekara ta zagayo muryar ta tsage, ba ta Shata ba tasu. Shi bai matse wuya ya samu wannan murya ba. Haka Allah ya halicce shi, sannan shekaru sama da hamsin na waƙa suka gasa ta har ya rasu a 1999. Abin da za ka ɗauka a wurinsa yana wani waje: inda yake jan numfashi, yadda yake barin kalangu ya gama maganarsa kafin ya shigo, yadda yake jefa wa 'yan amshi kalma kamar mai miƙa ƙwarya. Ka saurari waƙar sau goma bakinka a rufe. A na goma sha ɗaya ka ɗauki takarda ka rubuta baitocin, duk inda ya numfasa ka ja layi. In ka numfasa inda ya numfasa, tsofaffin da ke zaune za su ji shi a cikin waƙar ko da muryarka siririya ce kamar zare. Haka Ɗan Maraya Jos. Shi kaɗai ne da kuntiginsa, ba amshi, ba taron makaɗa, don haka duk nauyin waƙarsa a kan magana yake. In ka cika ta da piyano da ganguna har magana ta nutse, ka kashe ta.

In waƙa ta yi maka sama, ka ce wa mai piyano ya sauke ta mataki ɗaya ko biyu. Wanda ke cin shinkafa a tebur bai san ko a Sol aka yi ta ko a Fa ba, amma da muryarka ta karye zai ɗago kai.

Inda nake so ka yi taka-tsantsan sosai shi ne kalma. Hausa harshe ne da ke hawa da sauka. Kuka na hawaye da kuka ta miya harafinsu ɗaya, karin murya ne ya raba su. Mawaƙan da suka yi waɗannan waƙoƙi sun gina karinsu a kan karin magana, shi ya sa kalangu ke iya faɗin baitin ba tare da baki ba. Mu kuma da muka ɗauko su muka ɗora a kan gita da piyano, sau da yawa mai kiɗa yakan daidaita karin don ya zauna masa a yatsu, sai ka ji kalma ta karkace, ma'ana ta gudu. In kiɗa da kalma suka yi gardama, kiɗa ne zai sauka. Ka faɗa wa mai gita haka da ladabi, amma ka faɗa. Kuma kada ka gyara wa mawaƙi harshensa. Wanda ya ce "tahiya" ka ce "tahiya", kada ka mayar da shi Bakano. Mu 'yan Adar ma wannan gata ne gare mu, don waƙoƙin makaɗan Gobir da Zamfara a bakinmu suke zaune tun muna goye.

Waƙar da ba harshenka ba kuwa, Zabarmanci ne, Buzanci ne, Lingala ce ta rumbar Kwango ko Sifaniyancin salsa, kada ka hau dandali da ita sai ka zauna da mai harshen ya fassara maka baiti baiti, ya kuma saurare ka. A Yamai ba ka rasa mai harshen a cikin masu sauraro, kuma shi ne zai fara sunkuyar da kai in ka yi ɓaranɓarama.

Yanzu ga abin da ya sa na ce tambayarka ta fi ƙarfin mota.

Yawancin manyan waƙoƙinmu na da, wani aka yi wa. Akwai sunan mutum a ciki, da na ubansa, da garinsa, da alherin da ya yi. Ina saurayi kamar kai, an kira mu liyafar aure a wani otel na bakin kogi. Ina cikin wata tsohuwar waƙar yabo sai wani attajiri ya taso da damin kuɗi a hannu. Ban yi wata-wata ba na cire sunan mai waƙar na sa nasa. Wuri ya ɗauki guɗa, takardun jika biyar da jika goma suka rufe mini takalmi. Da aka tashi, muna naɗe wayoyi, sai na ga wani dattijo da farar riga da sanda yana tsaye gefen lasifika, ya ƙi tafiya. Na je na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Yaro, wanda aka yi wa waƙar nan ya rasu. Wanda ya yi ta ya rasu. Abin da ya rage musu a bakin mutane ke nan, kai kuma ka sayar da shi a dare ɗaya." Ya juya ya tafi. Ban san ko ɗan uwan mamacin ba ne ko kuwa mai son waƙar ne kawai. Na dai san ban yi barci ba a daren, kuma rabona na kuɗin ya yi kwana uku a ƙarƙashin katifa ban iya taɓa shi ba.

Tun daga ranar na sauya. Kafin in fara, nakan faɗi sunan mai waƙar, in ya rasu in ce Allah ya jiƙansa, jama'a su ce amin. Sannan in rera ta da sunayenta yadda ya bar ta. In mai kuɗi ya taso, ba na korar sa, ba na kuma yi masa rowa, don liƙi halalinmu ne, da shi muke ciyar da gida. Sai in kai waƙar ƙarshenta, in yi wa mai kalangu ido ya ci gaba da kiɗa, sannan in juya ga mutumin in yi masa nasa kirarin da kalmomina, sabo fil, wanda ba a taɓa yi wa kowa ba. Na lura ma sun fi jin daɗin wannan. Ba mai son rigar aro a ranar bikinsa.

To a nan amsar abokanka take. Wannan ɗan fili na minti biyu ko uku bayan waƙar mai waƙa, wanda kiɗa ke tafiya kai kuma ba ka da baitin kowa sai abin da ya zo maka, nan ne naka yake tsiro. Rabin waƙoƙin da na yi da kaina daga nan suka fito. A gidajen makaɗan fada yaro yakan yi shekaru yana amshi kafin a bar shi ya jefa baiti ɗaya, ba wanda ya ce masa aku. Kuma ka tuna da Malam Mamman Barka, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2018. Ya riga ya yi suna da gurminsa a Nijar da Najeriya, amma a 2002 ya tattara ya tafi yankin tafkin Chadi ya zauna gaban tsoho Bukar Tar don ya koyi biram, kayan kiɗan masunta Buduma mai tsirkiya biyar, wanda ya kusa ɓacewa. Kiɗan wasu ya ɗauko, waƙoƙin wasu ya koya, ya kai su har Turai. Aku yana maimaita abin da bai san ma'anarsa ba, bai kuma san mai shi ba. In ka san ma'ana, ka san mai ita, ka faɗi sunansa a gaban jama'a, kai mai riƙon amana ne. In kana son ganin biram da idonka, ka leƙa cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a nan Yamai, ka ga kayan kiɗan gargajiya da aka adana.

Akwai kuma haƙƙi na takarda. Ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, don wannan aka kafa shi. In an ba ka takarda ka rubuta waƙoƙin da ka rera, ka rubuta gaskiya da sunan masu su. Iyalan wasunsu suna raye.

Wasan otel da wasan biki ba ɗaya ba ne, kada ka haɗa su. A otel, zagayen farko mutane na cin abinci, ba don kai suka zo ba tukuna. Ka duba teburin da ya fi kusa da kai. In ka ga mutum yana kai bakinsa kunnen maƙwabcinsa kafin ya ji shi, sautinka ya yi yawa, ka sa a rage. Ni cokula nake kallo. Da na ga an fara ajiye su, ana tura kujeru baya, sai in san lokacin ɗaga kiɗa ya yi. Mawaƙin da ya fito da babbar waƙarsa ana tsakiyar tauna nama ya zubar da ita a ƙasa. Kuma ko kana tsakiyar baiti, in aka kira salla ka tsaya. Ba a yin shawara a kan wannan.

Aikin ma ya sauya a hannunmu. Da, rabin teburan otel baƙin waje ne, sai ka shirya musu waƙoƙin Faransa da rumba. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 da yawansu sun tafi, aka shiga takunkumi, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke na tsawon watanni, darare da dama muka yi wasa da ƙarar janareta a bayanmu. Abin da ya riƙe mu shi ne aure da suna da liyafar ma'aikata, kuma masu waɗannan waƙoƙin gida suke nema. Ni ban yi baƙin cikin wannan ɓangaren ba. Amma ya ƙara mana nauyi, don baƙo ba zai kama ka da kuskuren baiti ba, ɗan gida kuwa ya haddace shi tun a rediyon ubansa.

Tahoua ta fi ko'ina wannan. Garin da ake gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu ne, kunnensu a buɗe yake. Tsofaffin mata za su bi ka da baki kalma kalma, in ka tsallake baiti za ka gani a fuskarsu. Sannan kusan kowane gida yana da wanda ya yi ci-rani Abijan, don haka in dare ya raba samari za su nemi kiɗan can. Ka shirya biyu ko uku, ka ajiye su sai ƙarshe, bayan dattawa sun tashi.

Hanyar ta fi kilomita 500, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Sanyin cikin bas da ƙurar tasha sun fi wasan kansa cin murya. Ka naɗe wuyanka da rawani, ka isa kwana ɗaya kafin biki, kada ka sha ruwan ƙanƙara komai zafi, ka nemi shayin citta da zuma. Hira da abokai cikin hayaniya ranar wasa ita ma waƙa ce da ba a biya ka ba, ka rage ta.

Kuɗi: rabi kafin alƙalami tun ba ka hau mota ba, sauran kafin a fara zagaye na biyu, a rubuce, da shaida. Rabon liƙi ku yanke shi tun a Yamai, kowa ya ji da kunnensa. Yaro ɗaya ne zai tsince, ya zuba a jaka ɗaya, a ƙirga a gaban kowa a daren. Ƙungiyoyin da na ga sun watse, ba kiɗa ne ya raba su ba, wannan jakar ce. Kuma ko masu biki sun ce piyano ya isa, kada ka tafi ba mai kalangu. In wuta ta ɗauke, piyano da gita da mikro duk sun mutu tare, shi kaɗai zai rage maka. Ka matso gaban jama'a, ka ci gaba da baki da ganga har a tada janareta.

Ka zo gida gobe bayan la'asar da takardun baitocinka. Waƙar nan ta uku da ka yi ranar Asabar, akwai wuri biyu da ka numfasa a tsakiyar sunan mutum, ina so mu gyara su kafin ka tafi. Ka biya ta unguwar Bukoki ka taho da mai kalangun.